Kuɗi ga 'ya, ƙasa ga ɗa: dokar aure da gado a gidajen masu asali na Hungari

Daga tsakiyar ƙarni na 14 har zuwa 1848, duk auren da aka ɗaura a gidan masu asali na ƙasar Hungari akwai tambaya ɗaya a ƙarƙashinsa: ran da mai gida ya kwanta dama, hannun wa ƙasa za ta faɗa? Sadaki, kayan ɗaki, zaman matar mamaci, rabon 'ya mace, duk dokokinsu daga wannan tambaya suka tsiro.

Masu asalin nan su ne zuriyar mutanen da sarakuna suka ba ƙasa saboda hidimar yaƙi. Ba sa biyan haraji, ba a kama su sai kotu ta yi hukunci. A ƙarshen ƙarni na 18 sun kai kusan kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. A cikinsu akwai mai garuruwa da ƙauyuka barkatai, akwai wanda gona ɗaya gare shi yana noma ta da hannunsa, amma a gaban doka matsayinsu ɗaya. Al'adun shari'arsu wani alƙali mai suna István Werbőczy ya tattara cikin littafin Tripartitum, ya gabatar wa majalisa a 1514. Sarki ya amince da shi, sai dai ba a taɓa buga masa hatimi an aika shi larduna a matsayin doka ba. Werbőczy ya kai shi Vienna aka buga a 1517, kotuna kuwa suka riƙe shi fiye da shekara ɗari uku.

Ginshiƙin komai shi ne dokar da Sarki Lajos na Ɗaya ya kafa a 1351. Ƙasar da mutum ya gada daga kakanni ta dangi ce, shi riƙo kawai yake yi. Ba zai yi wasiyya da ita ga wanda ya ga dama ba. In ya sayar ba da yardar dangi ba, suna iya zuwa kotu su ƙwato ta ko da bayan shekaru masu yawa. In ya mutu, 'ya'yansa maza su gada. In babu, 'yan'uwansa maza ta wajen uba. In su ma sun ƙare, ƙasa ta koma hannun sarki. A irin wannan tsari 'ya mace ƙofa ce da dukiya za ta iya bi ta fice zuwa wani gida, don haka doka ta sa wa ƙofar sakata.

Hakan ba ya nufin an watsar da ita. Muddin ba ta yi aure ba, tana da haƙƙin zama a gidan ubanta, a ciyar da ita, a tufatar da ita daidai da darajar gidan, kuma wanda ya gaji ƙasar shi zai aurar da ita ya yi mata kayan ɗaki. Bayan haka akwai abin da ake kira rubu'in 'ya mace, wanda ambatonsa ya zo tun a takardar 'yanci da Sarki András na Biyu ya ba masu asali a 1222.

Wanda ya ji an ce rubu'i zai ɗauka rabo ne mai tsoka. A hankali dai. Da farko, rubu'in guda ɗaya ne ga dukan 'ya'ya mata, ko ita kaɗai ce ko su shida ne. Sannan kuɗi ake ba su, ƙasa tana nan wurin maza. Babban abin kuma shi ne yadda ake ƙiyasta kuɗin. Doka tana da wani tsohon jadawalin farashi da ba ya motsi, kuma da shi ake lissafin rubu'i. A jadawalin, filin talaka manomi guda, da gidansa da mutanensa, mark ɗaya ne, wato forint 4. Gidan dutse mai ganuwa sukutum mark 100 ne, forint 400. In kuwa ana ƙiyasin sayarwa ta har abada, sai a ninka farashin filin sau goma.

A ɗauki misali. Mutum ya mutu ya bar filayen manoma 40, da ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata uku. A ajiye gonaki da dazuzzuka da injinan niƙa gefe, tunda kowanne da nasa ƙiyasin. Filayen a jadawali forint 160 ne. Rubu'insu forint 40. Kowace 'ya ta tashi da forint 13 da 'yan kai, ɗan'uwansu kuwa ya riƙe filaye 40 cif. Abin da su ukun suka raba, kuɗin fili ɗaya ne tak in da sayarwa za a yi. An yi ba a yi ba ke nan. A ganina wannan jadawali, fiye da kowane sashe na dokar, shi ya nuna abin da masu ita suke nufi.

Akwai inda ake ba ta ƙasa, kuma dalilin yana da ban sha'awa. In 'yar masu asali ta auri talaka marar ƙasa da yardar ubanta ko 'yan'uwanta maza, to rubu'inta fili za a yanka mata, don kada ta faɗo daga matsayin da aka haife ta a ciki ta koma zaman talaka a ƙasar wani ubangida. Mijin dai ba ya zama mai asali saboda ya aure ta. In kuwa ta bi son ranta ba da yardarsu ba, kuɗi ne rabonta kamar kowa. Haka nan ƙasar da uba ya saya da kuɗi, wadda ba ta gado ba, ita maza da mata daidai suke raba ta.

Ƙofa mafi faɗi tana hannun sarki. In namiji na ƙarshe a wani gida ya mutu, sarki yana da ikon ya rubuta takarda ya ce daga yau wance namiji ce a idon doka, ta gaji ƙasar ubanta kamar ɗa. Sarki Károly na Ɗaya ne ya fara yin haka a 1332, ga wata Margit ta zuriyar Nádasd, matar wani amintaccen bafadensa mai suna Pál Magyar. Tun daga wannan na farko ana iya ganin inda aka dosa: alherin ga mace aka rubuta shi, amma mai cin moriyarsa mijin da sarki ke son sakawa ne.

Labarin Orsolya Kanizsai ya fi kowanne fito da wannan fili. Bayan Turkawa sun murƙushe rundunar Hungari a Mohács a 1526, ƙasar ta rabu tsakanin sarakuna biyu masu jayayya, János Szapolyai da Ferdinand na gidan Habsburg. A 1532 ɗan'uwan Orsolya ya rasu, gidan Kanizsai ya rasa namiji, aka bar yarinya 'yar kimanin shekara goma sha ɗaya da tarin ƙasashe a yammacin Hungari, ciki har da Sárvár. Sarki János ya mai da ita ɗa a doka, aka yi mata baiko da Tamás Nádasdy, mutum mai ilimi da wayo daga gida matsakaici, wanda ya girme ta da fiye da shekara ashirin. János yana son ya ɗaure shi a ɓangarensa ne. Ba a jima ba Nádasdy ya koma wurin Ferdinand, aka ɗaura aure a 1535, kuma dukiyar matarsa ce ta zama tsaninsa har ya kai muƙami mafi girma bayan sarki a 1554.

Aure ne na lissafi, amma wasiƙun da suka riƙa aika wa juna da harshen Hungari suna nan har yau, kuma akwai ƙauna da raha a cikinsu. Shi yana fada ko fagen yaƙi, ita tana Sárvár tana tafiyar da gida da gandu da lambunta da ya yi suna, tana aika masa 'ya'yan itatuwa har Vienna. Shekara ashirin suka yi ba haihuwa. Duk wanda ya fahimci dokar 1351 ya san nauyin da ke kan mace a irin wannan hali. Sai a 1555 aka haifi ɗansu Ferenc.

Sadakin masu asalin Hungari ya sha bamban da wanda muka sani, don ba a biyansa ranar ɗaurin aure. Bashi ne a kan dukiyar miji, sai aure ya ƙare ake fitar da shi, galibi bayan mutuwar mijin. Doka ta yanke adadinsa: matar babban hakimi mai riƙe da muƙamin ƙasa forint 400, matar mai asalin da ke da filayen manoma 50 ko fiye forint 200, na ƙasa da haka gwargwadon dukiyarsu. A aure na biyu rabi mace za ta samu, na uku rubu'i, na huɗu kashi ɗaya cikin takwas. Wadda aka kama da zina ta rasa shi, amma kyaututtukan da aka ba ta lokacin baiko da biki nata ne. Takardar 1222 ma ta ce ko an yanke wa miji hukuncin kisa, ba za a hana matarsa sadakinta ba.

Ƙarfin mace na gaskiya yana zuwa ne ranar da ta zama matar mamaci. Muddin ba ta sake aure ba, tana amsa sunan mijinta, magada ba su isa su fitar da ita daga gidansa ba, ko da sun ajiye mata sadakinta a gabanta. In dukiyar tana da yawa ƙwarai, suna iya taƙaita ta ga wani ɓangare. In gidan mai ganuwa ne, wanda ake buƙata don tsaro, sai su ba ta wani gida a waje. Kayan da ake iya ɗauka, kuɗi da dabbobi da kayan gida, ana raba su da ita da 'ya'ya. Dawakin keken mijin nata ne, makamansa na maza ne. In kuma 'ya'ya ƙanana ne, ita ce mai riƙonsu, wuƙa da nama suna hannunta shekara da shekaru, tunda namiji ba ya cika mutum a doka sai ya kai 24, mace kuwa 16. Ko ta yi sabon aure, tana iya ƙin sakin abin da ke hannunta har sai an biya ta sadaki. Shi ya sa manyan zawarawa suke da kasuwa. Lokacin da Imre Thököly, jagoran masu tawaye ga Habsburg, ya auri Ilona Zrínyi a 1682, ƙasashen marigayi mijinta na gidan Rákóczi suka shigo ƙarƙashin ikonsa. Ita ce daga baya ta tsare ganuwar Munkács daga sojojin sarki tun 1685 har farkon 1688.

Wani wuri da matar talaka ta fi matar mai asali shi ne dukiyar da aka tara cikin zaman aure. A gidan manomi, abin da miji da mata suka samu tare nasu ne su biyu. A gidan mai asali kuwa miji ake ɗauka a matsayin mai samu, matar ba ta da rabo a ƙasar da aka saya sai in an rubuta sunanta a takardar saye. Takardun nan a manyan coci-coci da gidajen sufaye da aka ba izini ake rubuta su a ajiye, don haka mace mai wayo, ko uba mai wayo, yakan tsaya sai an sa sunan.

Ɗaurin auren kansa aikin coci ne, kuma a zamanin dā, hatta ƙarar sadaki da ta rubu'i kotun coci ke saurara. Tun daga babban taron Katolika na 1215 an hana aure tsakanin dangi har zuwa hawa na huɗu, manyan gidaje kuwa kaɗan ne kuma duk sun haɗa jini, sai a riƙa neman izini na musamman daga Paparoma. A Katolika babu saki. Iyaka a raba wa ma'aurata zama, igiyar tana nan. Furotestan sun yarda da saki in an yi zina ko ɗaya ya gudu ya bar ɗaya. Ta haka Mária Széchy, 'yar gidan da ke riƙe da ganuwar Murány, ta rabu da mijinta na biyu István Kun a 1637, sannan a 1644 ta auri Ferenc Wesselényi, bayan ta taimaka masa ya karɓi ganuwar.

Kuɗi ne suka kayar da tsarin, ba kukan 'ya'ya mata ba. Ƙasar da dangi za su iya ƙwacewa a kotu ba ta zama jingina, don haka bankuna suka ƙi ba masu ita rance. Wani babban mai asali, István Széchenyi, ya yi dogon rubutu a kan wannan matsala a 1830. Majalisar 1848 ta soke dokar 1351, umarnin sarki na 1852 ya zartar da sokewar, daga nan maza da mata suka fara gado daidai. Haƙƙin matar mamaci da sadaki sun ci gaba da aiki. Auren hukuma ya zo da dokar 1894, ya fara aiki a watan Oktoban 1895.

Manyan gidaje ba su jira ranar sokewar ba. Tun 1687 doka ta ba su damar ɗaure ƙasarsu da yardar sarki, yadda ba za a raba ta ko a sayar ba, magaji ɗaya ya ɗauke ta gaba ɗaya, galibi ɗan fari namiji. Gidan Esterházy ya bi wannan hanya a ƙarshen ƙarni na 17. Sokewar 1848 ba ta taɓa irin waɗannan ƙasashe ba, kuma tsarin nasu ya zauna a littafin doka har 1949.