Hasumiyar Landan

Hasumiyar Landan tsohuwar fada ce mai ganuwa da ke gaɓar arewa ta Kogin Thames, a gefen gabas na tsohon birnin Landan a ƙasar Ingila. Ko da yake sunanta na nuna gini ɗaya, wurin ya ƙunshi hasumiyoyi kimanin ashirin da ganuwa biyu, ɗaya a cikin ɗaya, waɗanda suka kewaye babban ginin tsakiya da ake kira Farar Hasumiya. An fi saninta a matsayin kurkuku, amma a mafi yawan shekarunta ta yi aiki ne a matsayin masaukin sarakuna, da ma'ajiyar makamai, da gidan buga kuɗi, da wurin adana takardun mulki. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1988.

Asalin ginin

Bayan da William, shugaban Normandy da ke arewacin Faransa, ya yi nasara a yaƙin Hastings a watan Oktoba na 1066, aka naɗa shi Sarkin Ingila a ranar Kirsimeti ta wannan shekara. Da yake bai amince da mutanen Landan ba, sai ya sa aka kafa sansani na katako a kusurwar kudu maso gabas ta tsohuwar ganuwar da Romawa suka bari. Ana yawan cewa an fara ginin dutse a wajajen 1078 a ƙarƙashin kulawar Gundulf, bishop na Rochester, kuma ana kyautata zaton an kammala shi kusa da 1100, bayan mutuwar William.

Tsayin Farar Hasumiya ya kai kimanin mita 27, kaurin bangonta daga ƙasa kuwa ya haura mita 4. An yi yawancinta da dutsen yankin Kent, sannan aka ɗauko dutsen Caen daga Normandy ta jirgin ruwa domin kusurwoyi da bakin tagogi. Ba a yi ƙofar shiga a ƙasa ba. An ɗaga ta zuwa bene na farko, ana hawa ta kan matakalar katako wadda za a iya cirewa idan abokan gaba suka kawo hari. A ciki akwai ƙaramar majami'ar St John, wadda ke cikin tsofaffin ɗakunan ibada da suka rage a Landan. Sunan hasumiyar ya samo asali ne daga umarnin da Sarki Henry na Uku ya bayar a 1240 na a shafe ta da farar ƙasa.

Henry na Uku da ɗansa Edward na Ɗaya ne suka faɗaɗa wurin har ya ɗauki siffar da ake gani a yau. Tsakanin 1275 da 1285 Edward ya gina ganuwar waje, ya haƙa gwalalo mai faɗi da ake cikawa da ruwan kogi, ya kuma yi ƙofar ruwa wadda daga baya aka laƙaba wa sunan Ƙofar Maciya Amana, saboda ta nan ake shigo da wasu fursunoni a kwalekwale. An janye ruwan gwalalon a shekarun 1840 bayan ya zama matattarar ƙazanta da cuta.

Dabbobi da kuɗi

Sarakunan Turai na wancan zamani kan aika wa juna namun daji a matsayin kyauta, kuma a hasumiyar ake ajiye na Sarkin Ingila. A 1252 Sarkin Norway ya aiko da farin beyar, wanda aka ɗaure da doguwar igiya domin ya riƙa shiga kogi yana kamun kifi da kansa. A 1255 kuma Sarkin Faransa Louis na Tara ya aiko da giwa, wadda marubucin tarihi Matthew Paris, ɗan zuhudun St Albans, ya zana a cikin littafinsa. An kwashe sauran dabbobin zuwa gidan namun daji na Regent's Park a farkon shekarun 1830.

Gidan buga kuɗin masarauta ya zauna a cikin ganuwar tun ƙarshen ƙarni na 13 har farkon ƙarni na 19, kuma masanin kimiyya Isaac Newton ya karɓi muƙami a cikinsa a 1696.

Fursunoni da marubuta

Fursuna na farko da aka rubuta labarinsa shi ne Ranulf Flambard, bishop na Durham, wanda Henry na Ɗaya ya tsare a 1100. Marubucin tarihi Orderic Vitalis ya ruwaito cewa an shigo masa da igiya a ɓoye cikin tulun giya, ya shirya wa masu gadinsa walima har suka bugu, sannan ya sulalo ta taga ya tsere zuwa Normandy a 1101.

Lamarin da ya fi jawo taƙaddama shi ne ɓacewar 'ya'yan Sarki Edward na Huɗu guda biyu a 1483, wato Edward na Biyar mai shekara 12 da ƙanensa Richard mai shekara 9. Baffansu, wanda ya hau gadon sarauta da sunan Richard na Uku, shi ya ajiye su a hasumiyar, kuma daga ƙarshen wannan bazara ba a sake ganinsu ba. Dominic Mancini, Ba'italiyen da ya ziyarci Landan a shekarar, ya rubuta cewa an riƙa janye yaran zuwa ɗakunan ciki har aka daina ganinsu a tagogi, amma bai ce ya san yadda suka ƙare ba. Labarin da ya bazu, cewa an danne su da matashin kai bisa umarnin baffan nasu, ya fito ne daga tarihin da Thomas More ya rubuta kimanin shekara talatin bayan aukuwar abin, a zamanin gidan sarautar Tudor da ya kayar da Richard a fagen yaƙi. Wannan ne ya sa masana ke karanta shi da taka tsantsan. A 1674 ma'aikata sun tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin wata matakala, aka kai su majami'ar Westminster, aka kuma duba su a 1933, amma binciken bai kashe gardamar ba.

Shi kansa More a hasumiyar ya ƙare, domin an tsare shi a can kafin a fille masa kai a 1535 saboda ya ƙi amincewa da Henry na Takwas a matsayin shugaban cocin Ingila. A ranar 19 ga Mayu 1536 aka kashe Anne Boleyn, matar sarkin ta biyu, da takobin wani hauni da aka ɗauko daga Calais. Catherine Howard, matar sarkin ta biyar, ta biyo baya a 1542, sai Jane Grey, wadda ta yi sarauta ta 'yan kwanaki, a 1554, shekarar da aka tsare gimbiya Elizabeth na ɗan lokaci kafin daga baya ta zama sarauniya. Mutane ƙalilan ne aka kashe a cikin ganuwar. Yawancin waɗanda aka yanke wa hukunci a kan tudun da ke wajen hasumiyar aka kashe su, a bainar jama'a.

Walter Raleigh, bafade kuma marubuci, ya shafe shekara 13 a tsare, daga 1603 zuwa 1616, amma zamansa bai yi kama da na ɗan kurkuku na yau da kullum ba. Matarsa ta zauna tare da shi, an bar masa littattafansa, yana kuma da ɗan lambu da wurin haɗa magunguna. A nan ya rubuta babban littafinsa na tarihin duniya da aka buga a 1614, wanda ya faro daga halittar duniya ya tsaya a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa. Sarki James na Ɗaya ya nemi a hana sayar da shi saboda yadda ya soki halin sarakuna, duk da haka an sake buga shi sau da dama a cikin wannan ƙarni.

Ban da waɗanda suka yi rubutu a tsare, marubuta tarihi sun daɗe suna zuwa hasumiyar don karanta naɗaɗɗun takardun fata na masarauta, kafin a mayar da su sabon ofishin adana takardun gwamnati a tsakiyar ƙarni na 19. A daidai wannan lokaci ne mai tsara gine-gine Anthony Salvin ya fara gyaran wurin domin ya dace da yadda mutanen zamanin Sarauniya Victoria suke hasashen tsohon zamani, aka rushe wasu gine-gine na baya-bayan nan, aka sake wa wasu fuska. Sunan da hasumiyar ta yi na gidan azaba ya ƙarfafa ne sosai a hannun marubutan wannan zamani.

Mutum na ƙarshe da aka kashe a wurin shi ne Josef Jakobs, ɗan leƙen asirin Jamus, wanda aka harbe ranar 15 ga Agusta 1941.

Kayan sarauta

An narkar da yawancin tsofaffin kayan sarautar Ingila ko an sayar da su a 1649 bayan kashe Charles na Ɗaya, don haka akasarin waɗanda ake nunawa yanzu an ƙera su ne daga 1661 zuwa gaba. A 1671 wani mai suna Thomas Blood ya yi yunƙurin sace kambin sarki, aka kama shi, amma Charles na Biyu ya yi masa afuwa. Indiya da wasu ƙasashe na neman a mayar musu da lu'ulu'un Koh-i-Noor da ke cikin tarin.

A yau

Wata gidauniya mai zaman kanta da ake kira Historic Royal Palaces ce ke kula da wurin. Dogaransa tsofaffin sojoji ne da suka yi aƙalla shekara 22 a bakin aiki, kuma kowane dare suna gudanar da al'adar kulle ƙofofi. Ana kiwon hankaki aƙalla shida a harabar bisa camfin cewa masarautar za ta faɗi idan suka tafi, camfin da ake dangantawa da Charles na Biyu, ko da yake wasu masana na ganin bai girmi ƙarni na 19 ba.