Tsohuwar bindigar kaka: abin da doka ta ce kafin a kai ta gyara

Yanzu da waya ta cika da bidiyon Turawa masu ɗauko tsohuwar bindigar soja, su kankare tsatsa, su shafe ƙotar da mai, su nemo mata maratayi da wuƙar baki irin na zamaninta, wasu samarin Katsina sun fara tuna abin da ke naɗe cikin tsumma a ɗakin kakansu. Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne a wace ƙasa aka ɗauke shi. A Amurka, dokar tarayya ta ware bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. Tamu dokar ba ta bi ta nan ba.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, da nau'i ta kasa bindigogi, ba da shekaru ba. Kashi uku ne. Na farko haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu. Na biyu irin na farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na ɗuri ta baki, wato bindigar toka da danginta, su kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha, da amincewar gwamna, yake iya kafa musu sharaɗin lasisi.

To ina tsohuwar bindigar soja ta faɗa? Kashi na farko. Jadawalin dokar ya ambaci bindigogin soja da faɗin bakinsu, har da .303, wanda shi ne awon Lee-Enfield, bindigar Ingila mai cin harsashi goma da mazan jiya suka riƙe a yaƙin Bama, 'yan sanda kuma suka daɗe suna ratayawa. Ko ta shekara tamanin, ko gara ta cinye ƙotar, ko kunamar ta ƙi motsi, a takarda kashinta ɗaya da mashinga. Wanda aka kama da ita ba lasisi, sashe na 27 ya ce ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Ƙaramar bindiga ta hannu ma, ko ta ƙanƙara ce ta zamanin da, a wannan kashin take.

Wurin da mutane suka fi tuntuɓe shi ne gyaran kansa. Sashe na 22 ya haɗa abu uku a layi ɗaya: ƙerawa, harhaɗawa da gyarawa. Duka an hana, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar sojoji. An buɗe ƙofa kaɗan ga wanda Sufeto Janar ya ba izinin gyaran bindigogin farauta, da wanda aka ba izinin ƙera ko gyara na toka, amma bindigar soja ba ta cikin wannan sassauci. Saboda haka in ka kai wa maƙeri ita ya warware mata tsatsa ya sa mata sabon ƙarfe, kai da shi kun shiga, kuma nan ma mafi ƙaranci shekara goma ne. Maƙerin da ya ce maka "Alhaji, wannan ba aikina ba ne" bai yi maka rowar sana'a ba, kansa ya tsirar, kai ma ya tsirar da kai.

Wani zai ce ai ba ta tashi, ƙarfe ne kawai. Dokar ta riga shi. A wurinta kowane sashe na jikin bindiga, bindiga ne. Bututun shi kaɗai, ko gidan harsashin, ya isa a tuhumi mutum. Haka harsashi: shi da sassansa duk suna bukatar lasisi, don haka tsofaffin harsasan nan da suka yi kore a gwangwani ba abin ado ba ne. Masu tunanin yin odar abin da ya ɓace daga waje su sani an hana shigo da bindiga ko harsashi ta gidan waya, kuma tunda sashe ma bindiga ne, hanin ya hau kansa.

Lambar yabo, hula, ɗamara, butar ruwa, takardar sallama daga soja, hoton kaka da kakinsa, waɗannan Dokar Bindigogi ba ta da magana a kansu. A ganina ma sun fi bindigar ba da labari, domin su ne ke ɗauke da sunan mutumin da lambarsa.

Sai batun gado. Lasisi na mutum ne, ba ya shiga rabo kamar gona. In mai lasisi ya rasu, dokar ta ba wanda kayan ke hannunsa kwana goma sha huɗu. Wato tun ba a yi sadakar arba'in ba wa'adin ya wuce. Bayan nan sai dai a miƙa ta ga 'yan sanda ko a nemi lasisi da sunan magajin, shi ma ba dole ne a ba shi ba. Wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce, ba a ba shi.

Bindigogin da ake ɗura wa albarushi ana bugawa a hawan sallah a Ƙofar Soro, ko a Sallar Gani a Daura, na kashi na uku ne, shi ya sa lamarinsu ya fi sauƙi. Amma suna iya faɗawa ƙarƙashin wata dokar daban, ta Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979: abin da aka ƙera a gida kafin 1918 kayan tarihi ne, ba a sayar wa kowa sai wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma fitar da shi waje sai da izini.

In irin ta soja ce ta fito a gidanku, kada a goge ta, kada a gwada kunamar, domin tana iya kasancewa da harsashi a ciki. Kada kuma a saka ta a buhu a hau mashin, musamman a halin tsaron da jihar ke ciki, inda shingen bincike ba ya sauraron tarihin kaka. A bar ta inda take, a sami lauya ko mai unguwa, a je a sanar da ofishin 'yan sanda a rubuce, su zo su ɗauka, a karɓi takardar shaida. In iyali na son a adana ta, su rubuta haka cikin takardar, su kuma tuntuɓi gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina.