Sa Hannun Shaida a Buɗaɗɗun Manhajoji

Sa hannun shaida layi ne guda da mai rubuta manhaja yake ƙarawa a ƙasan bayanin gyaran da ya aika. Layin yana farawa da Signed-off-by, sai sunan mutum da adireshin imel ɗinsa. Da shi yake tabbatar da cewa yana da ikon bayar da aikin a ƙarƙashin lasisin manhajar.

Asali

Shari'a ce ta haifar da al'adar. A watan Maris na 2003 kamfanin SCO na Amurka ya maka IBM a kotu, yana zargin an kwashi rubutun Unix, wata tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta, an zuba cikin Linux, buɗaɗɗiyar manhaja mai irin wannan aiki, ba da izini ba. Zargin ya tona wani rauni: dubban mutane sun sa hannu a ginin Linux, amma gano wanda ya kawo wani yanki na rubutun sai an tone tsofaffin wasiƙu. A 2004 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya kawo shawarar kowane gyara ya riƙa zuwa da sunan mai shi, aka kuma rubuta gajeriyar takardar shaida mai suna Developer Certificate of Origin, wato DCO. Bugu na 1.1, wanda ya fito a wajajen 2005, shi ake amfani da shi har yau.

Sharuɗɗanta huɗu ne. Uku na farko suna magana kan tushen aikin: ko kai ka rubuta, ko ka ɗora a kan aikin da lasisinsa ya yarda, ko wani da ya riga ya shaida ne ya ba ka, kuma ba ka canza shi ba. Na huɗu yarda ce cewa sunanka zai zauna a bainar jama'a har abada. A Linux, duk wanda gyara ya bi ta hannunsa yana ƙara nasa layin a ƙarƙashin na baya, har ya isa ga Torvalds. Wanda ya yi karatun zaure zai gane tsarin nan take, domin kamarsa ɗaya da isnadi: wane ya karɓa daga wane.

Tilastawa

A Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare, harafin -s ne ke ƙara layin. Kada a rikita shi da babban -S, wanda ke sa hatimin sirri. Manhajoji da yawa a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, suna da na'urar bincike da ke hana haɗa gyara idan layin babu, ko idan imel ɗin bai dace da na marubucin ba. Wannan na biyun ne ke kama ɗalibai. Ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi da ya ari kwamfutar abokinsa zai iya ganin gyaransa ya fita da sunan mai kwamfutar, alhali shaidar ta wanda ya yi aikin ce. Maganin shi ne ya saita sunansa da imel ɗinsa a Git, ya gyara sunan marubuci, sannan ya sake sa hannu.

Saɓani

Wasu cibiyoyi, kamar gidauniyar Apache, ba DCO suke nema ba, sai a cika cikakkiyar yarjejeniyar mai bayar da aiki. GitLab kuwa, wani shafi irin GitHub, ya koma DCO daga irin wannan yarjejeniya a 2017. Akwai kuma masu ƙorafin cewa neman sunan gaskiya yana korar waɗanda ba sa son bayyana kansu.