Waiwaye: daga akwatin kati zuwa salula, ɗakunan karatu na Yamai da zamanin intanet

Ɗalibin da ke rubuta memwar, wato kundin kammala karatu, a Jami'ar Abdou Moumouni, in yana neman binciken da aka yi kan noman hatsi ko rijiyoyin Adar shekara hamsin da suka wuce, sau da yawa ya fi saurin samunsa a salularsa daga rumbun wata cibiya ta Faransa, bisa ga ya same shi a kan kanta a Yamai. Wannan cibiyar bincike ta Faransa, IRD, ta daɗe da ɗaukar hoton rahotannin masu bincikenta, har na zamanin da ake ce mata ORSTOM, ta zuba su kyauta a intanet. Memwar da wani yayansa ya rubuta a sashensu shekara goma baya kuwa, wataƙila tana cikin kwali a wani ofis, babu wanda ya san tana nan sai wanda ya ɗaure kwalin. Takardun suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rajistar da za ta nuna inda suke.

Manyan ma'ajiyoyin birnin duk sun girmi shigowar kwamfuta ɗakunan karatunmu. Cibiyar binciken IRSH ta samo asali daga reshen IFAN, cibiyar binciken Faransa kan Afirka, da aka buɗe a Yamai a 1944, kuma a cikinta ne sashen rubuce-rubucen larabci da ajami yake, wanda tushensa tarin da Bubu Hama ya haɗa lokacin yana shugaban majalisar dokoki. Yau ana lissafa wajen rubuce-rubuce 4000 a can. Cibiyar CELHTO, mai nazarin harsuna da tarihin baka, ta fara a 1968 da taimakon UNESCO, ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974. Dukiyarta ba takarda ba ce kawai, muryoyi ne na maroƙa, dattawa da masu tarihin baka a kan zaren rikoda da kaset. An kafa cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Nijar da Faransa a 1963, jami'a ta tsaya da ƙafarta a 1973, cibiyar AGRHYMET ta zo a 1974 da ɗakin ajiyar bayananta kan ruwa da noma. A garuruwan ciki kuwa, ƙananan ɗakunan karatu na CLAC, shirin da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da faransanci ta ƙirƙiro a 1986, su suka kai littafi inda babu kantin littafi.

Duk waɗannan da kati suka yi aiki. Katin santimita 7,5 ne a 12,5, kuma kowane littafi na cin aƙalla uku: na sunan marubuci, na sunan littafi, na fanni. Tsarin yana da jinkiri, amma ɗauke kuran ba ya tsayar da shi.

Kwamfuta ta shigo ta hanyar manhajar CDS/ISIS, wadda UNESCO ta fara rabawa kyauta a 1985, daga baya ta fitar da WinISIS. Tsara guda ta ma'aikatan ɗakin karatu a ƙasashenmu, waɗanda suka yi makarantar EBAD ta Dakar da waɗanda suka fito daga IFTIC a nan Yamai, da ita suka koyi aiki. Lahaninta bai bayyana ba sai daga baya: rajistar duka tana zaune a cikin na'ura ɗaya. Ranar da na'urar ta mutu, ko ma'aikacin da ya san sirrinta aka yi masa canjin wurin aiki, aikin shekaru ya tafi. Maganin yana cikin manhajar kanta, domin tana iya fitar da bayanan a tsarin ISO 2709, tsarin musayar rajista tsakanin ɗakunan karatu, a adana su wani wuri, sai dai ba kowa ya mayar da hakan al'ada ba. Manhajojin da suka gaje ta, PMB ta Faransa da Koha ta Niyu Zilan, suna aiki ta burauza, mutane da yawa na iya bincike a lokaci guda. Wajen ƙaura daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa ne ake tuntuɓe: in ba a daidaita gurabun tsohuwar rajista da UNIMARC, tsarin gurabun da sabbin manhajojin ke bi, ba, sai a tarar sunan mawallafi ya faɗa gurbin shekara, wasulan faransanci masu alama sun rikiɗe sun zama tarkace.

Akwai wata matsala da ta fi shafarmu, wadda littattafan koyar da aikin ba su cika kawowa ba. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, tsofaffin manhajoji ba su san su ba, don haka aka riƙa shigar da littattafan Hausa ba ƙugiya. Yanzu da Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na duniya, ya ba kowannensu gurbi, sai rajista ta rabu biyu: mai neman “ƙasa” ba ya ganin abin da aka shigar da “kasa”. Ga kuma bambancin rubutu, mu muna rubuta ƴ, Najeriya na rubuta 'y. Sunaye ma haka. Tahoua da Tawa gari ɗaya ne, Zinder da Damagaram haka, Shehu Usmanu kuwa ana samunsa a Ɗan Fodiyo, Dan Fodio da Ibn Fudi. Aikin da ke warware wannan shi ne jerin sunaye tabbatattu: a zaɓi rubutu ɗaya, a ɗaure sauran a jikinsa, sannan a saita injin binciken ya ɗauki k da ƙ a matsayin abu guda wajen nema. Aiki ne na zama da haƙuri, ba ya fitowa a hoton bikin miƙa kaya, shi ya sa ba a cika sa masa kuɗi ba.

Ta fannin mujallun kimiyya, sauƙin ya zo da wuri. Tun intanet na tafiyar hawainiya, Jami'ar Cornell ta fitar da TEEAL a 1999, tarin mujallun noma a kan faifan CD. Sai shirye-shiryen karanta mujallu ta intanet: HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, AGORA na FAO a 2003, OARE a 2006, waɗanda aka haɗe ƙarƙashin sunan Research4Life. Nijar na cikin ƙasashen da cibiyoyinsu ke shiga kyauta, in sun yi rajista. Abin da ke kashe amfanin shi ne kalmar sirrin ta maƙale a aljihun teburin mutum ɗaya, ɗalibai ba su ma ji labarinta ba. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, ta nuna cewa daga nan ma ana iya bayarwa, don tana sa rahotannin bincikenta a intanet kowa ya sauke. CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, ita ma ta buɗe rumbun DICAMES don kundayen digiri.

Ɗaukar hoton takardu shi ne abin da kowa ke nufi in ya ce “zamanantarwa”, musamman tun da aka ƙone dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbutu a Janairun 2013. A nan lissafi ya kamata a fara yi kafin sayen na'ura. Shafin A4 mai launi, a ƙarfin 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), a tsarin hoto na TIFF marar matsi, yana cin wajen mega 26. Memwar mai shafi 200 ta haura jiga 5. In a launin toka aka ɗauka, ta sauko wajen jiga 1,7. Wancan shi ne uwar kwafi, ba a taɓa shi. Daga jikinsa ake fitar da PDF mara nauyi wanda ɗalibi zai iya saukewa ba tare da forfensa ya ƙare ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye PDF ɗin kaɗai, a share uwar don a samu wuri.

Rubutun ajami da na larabci ba a danne shi a gilashin sikana. Kyamara ake kafawa daga sama, da fitila biyu a gefe da gefe, a sa ma'auni da katin launi kusa da shafin, a ɗauka a 400 dpi ko sama. Yawancin littattafan malamanmu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a cikin gafaka, kuma abin da ke riƙe jerinsu ita ce kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda shafi na gaba zai fara da ita. Mai ɗaukar hoton da bai iya karatun ba zai iya hargitsa littafi cikin minti biyar, ya kuma dawwamar da hargitsin a hoto. Don haka malami ke fara zama ya jera, a sa lamba da fensir, kana a ɗauka. Manhajar gane rubutu irin Tesseract tana karanta faransancin da aka buga da inji, tana tuntuɓe a rubutun tafireta da ya dushe, ajamin hannu kuwa ba a dogara da ita. Ke nan hoton ajami ba ya bincikuwa sai da bayanin da mutum ya rubuta: suna, marubuci, mai kwafi, harshe, fanni, farkon nassi da ƙarshensa. Hoto dubu goma masu suna IMG da lamba, wani kwalin ne kawai.

Kaset ya fi takarda gaggawa. Zaren yana lalacewa da zafi da laima, injinan kunna shi kuma an daina ƙera su. Ƙa'idar masu adana sauti ita ce WAV a 96 kHz da bit 24, sa'a guda ta sitiriyo na cin jiga 2.

Sai yanayi, wanda ba ya cikin takardar furoje. A Afrilu da Mayu zafin Yamai na wuce digiri 40, kuma batirin ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke kuran, duk ƙarin digiri 10 bisa 25, rabin ransa ke tafiya. Ondilar ba don a ci gaba da aiki ba ne, ƴan mintoci yake bayarwa a kashe na'ura lafiya. Yankewar kuran ana tsakiyar rubutu ita ke ɓata rajista. An ga haka ƙarara a Agustan 2023 da Najeriya ta katse layin wuta. Ƙurar hunturu na toshe fankar na'ura, damina na kawo fumfuna, gara ba ta hutu, ambaliyar kogi ta 2020 kuma ta tuna wa kowa cewa ƙasan bene ba wurin ajiya ba ne. Ƙa'idar ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gini dabam, a riƙa gwada su, a sauya faifan ajiya duk shekara huɗu ko biyar. Furoje kan sayi sikana da kwamfuta ya ƙare a shekara biyu ko uku. Kuɗin batir, faifai da sabunta sunan shafi ba mai ɗauka, shi ya sa shafuka ke ɓacewa shiru.

Masu karatu su ba su jira kowa ba. Zamanin sibar ya wuce, salula ta zama ɗakin karatu, PDF na yawo a zaurukan WhatsApp ba bango ba shekara, wani ma rabinsa ne. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 an samu sabon aiki: ɗalibi ya zo da jerin littattafai masu kyan suna, a duba a tarar wasu ba a taɓa rubuta su ba. Ma'aikacin da ya san aikinsa yanzu yana koyar da yadda ake tabbatar da DOI, lambar shaidar maƙala a intanet, yadda ake gane mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga komi ba tacewa, da yadda ake tsara madogara da manhajar Zotero. Inda rezo ba shi da ƙarfi, manhajar Kiwix na ɗora Wikipedia, har ta Hausa, a ƙaramar na'ura a raba ta wifi ba tare da intanet ba.

Siyasa ma ta taɓa fagen. A Oktoban 2024 aka sauya wa tsohuwar cibiyar al'adun Nijar da Faransa ta Jean Rouch suna zuwa Moustapha Alassane, a Maris ɗin 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga OIF, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da faransanci, wadda ita ce uwar shirin CLAC, kuma a watan ne Starlink ya fara aiki a ƙasar. Hanyar intanet ta ƙaru a daidai lokacin da tsofaffin hanyoyin samun littafi da horo suka ragu. Abin da ɗakin karatu zai iya farawa da kayan hannunsa shi ne memwar da kundayen bana: kowane ɗalibi da kwamfuta ya rubuta nasa, saboda haka ba sai an ɗauki hoto ba. A karɓi PDF ranar da aka miƙa na takarda, da izinin marubuci a rubuce, a cika gurabu bakwai ko takwas na bayani, a ɗora a manhajar ajiyar kundaye ta DSpace ko ma a PMB. Minti goma sha biyar ya ishi kowane kundi.