Mene ne "kiɗan kwantum"?

Kiɗa ne da ake tsarawa da taimakon kwamfutar kwantum. Duk kwamfutar da muka saba da ita, har wayar hannu, da bit take lissafi: ko 0 ko 1, babu na uku. Ita kuwa kwamfutar kwantum da kubit take aiki, wanda kan zauna cikin gaurayen hali na 0 da 1 har sai an auna shi, sannan ya tsaya a kan guda. Kamar kwabon da aka murza a kan tebur ne, yana ta juyi bai kwanta ba tukuna. Sai dai a nan mai shirya lissafin yana iya karkata shi, ya sa wata fuskar ta fi yawan fitowa.

Wannan karkatarwar ce makaɗa suka kama. Kubit uku suna ba da sakamako takwas. Sai mai tsara kiɗa ya ba kowane sakamako sautinsa, ya ƙara wa wasu rinjaye, ya yi ta aunawa, abin da ya fito shi ne sauti na gaba. Ana kuma iya sarƙe kubit biyu, yadda sakamakon ɗaya zai tafi da na ɗayan, sautukansu su riƙa tafiya tare. Shi ya sa ba na yarda idan aka ce na'urar ce ta "ƙirƙiri" kiɗan. Mutum ne ya shata mata iyaka, kunnensa ne kuma ke zaɓen abin da za a ajiye.

Ƙofar ta buɗe sosai a 2016, lokacin da kamfanin kwamfuta na IBM ya saka na'ura mai kubit biyar a intanet don kowa ya gwada. Cikin waɗanda suka yi fice a fagen akwai Eduardo Reck Miranda, ɗan Brazil, farfesa a Jami'ar Plymouth ta Ingila.

Aikinsa da ya fi burge ni ma ba na kwantum ba ne. A 2015 ya yi kiɗa tare da Physarum polycephalum, wata halitta mai yauƙi, ruwan ɗorawa, da ke yaɗuwa a kan ruɓaɓɓen itace. An raine ta a kan allon lantarki. Yana kaɗa fiyano, ana mayar da sautin ya zama lantarki a bi da shi ta jikinta. Da yake yadda take barin wuta ta wuce ya danganta da wutar da ta riga ta ratsa ta, amsarta kan ɗan sauya. Sai amsar ta motsa maganaɗisun da aka jera a saman tsirkiyoyin fiyanon, su yi ta rawa da kansu, tana yi masa amshi.