'Ya'yan Ƙaya Ba Sa Faɗin Sanyin Gobe

A ƙauyukan ƙasar Ayalan, tsofaffi kan tsaya gaban wani itacen ƙaya da suke kira sceach. In suka ga rassansa sun rankwafo da jajayen 'ya'ya, sai su ce hunturun bana zai yi tsanani, wai tanadi ne aka yi wa tsuntsaye.

Maganar na da daɗin ji, amma labarin baya itacen ke bayarwa. A watan Mayu yake fitar da fararen furanni. In raɓa mai daskarewa ba ta ƙona su ba, ƙudan zuma kuma suka samu ranakun fita, 'ya'ya kan yi yawa.

Kada dai a watsar da duk iliminsu, domin sukan ce in zobe ya kewaye wata, ruwan sama na tafe. Zoben da ke kewaye wata, ƙanƙarar da ke cikin siririn girgije ce ke haifar da shi, girgijen da sau da yawa ke riga ruwan sama mai tasowa daga Tekun Atilantika isowa.