Ma'anar Kalmar "Munshi"

Munshi shi ne marubucin wasiƙu da takardun hukuma a Indiya, daga baya sunan ya haɗa da malamin da ke koya wa Turawa harsunan ƙasar. Kalmar Larabci ce, tushenta ɗaya da "insha'i" da ake koyarwa a makarantunmu. Ta Farisanci ta bi ta shiga Indiya, Turawan Ingila suka tarar da ita a can.

A zamanin daular Mugal, ta sarakunan Musulmi da suka mulki Indiya, Farisanci ne harshen mulki, don haka munshi ya fi kama da magatakardan fada fiye da akawu. Yaro kan yi shekaru yana haddar samfurin wasiƙu. Sai ya koyi shikasta, rubutun sauri da haruffa ke sarƙewa, ɗigo da yawa kuma a bar su, wanda bai saba ba sai ya karanta suna ba daidai ba. Akwai kuma siyaƙ, alamomin lissafin haraji. Amma inda gwaninta take shi ne laƙabobi. Kowane basarake yana da jerin kirarin da ake buɗe masa wasiƙa da shi gwargwadon matsayinsa. A rage masa ɗaya, an ci fuskarsa; a ƙara masa, an ba shi girman da zai kafa hujja da shi gobe.

Da Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin kasuwancin Turawan Ingila, ya karɓi tara harajin Bengal a 1765, yawancin ma'aikatansa ba sa iya karanta takardun. Abin da munshi ya karanta wa Bature, shi ne iyakar saninsa, kuma nan ne ƙofar son rai da cin hanci. Wannan na cikin dalilan kafa Kwalejin Fort William a Kalkata a 1800, inda munshi ke zama da matasan ma'aikata yana biya musu Farisanci da Hindustani, harshen arewacin Indiya.

Ɗaya daga cikin munshin da suka fi shahara shi ne Abdul Karim, mutumin Agra da ya je Ingila a 1887 ya koya wa Sarauniya Biktoriya Urdu. Da ta rasu a 1901, aka ƙone wasiƙun da ta rubuta masa, aka mayar da shi gida.

Darajar aikin ta fara raguwa tun 1837, lokacin da aka cire Farisanci daga kotuna. Yau a Indiya da Pakistan, munshi shi ne akawun lauya, ko mai riƙe littafin lissafi a kanti, ko mai rubuta ƙara a ofishin 'yan sanda. Wasu iyalai kuma sun mayar da shi sunan gida.